TAFIYAR KWANA BIYU ZUWA MU'UTA: DARASIN DA BAN SAMU A AJI BA



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, a makon jiya wani ƙaninmu da ke karatu a ƙasar waje ya turo mini tambaya. Ya ce abokan karatunsa sun shirya tafiyar ƙarshen mako, za su kwana biyu a wani gari, kowa zai bayar da kuɗin mota da na masauki. Yana so ya san hukuncin zuwa, da yadda zai yi da sallolinsa. Na amsa masa a taƙaice, amma tambayar ta tuno mini da wani abu da ya faru da ni, wanda har yau in na tuna sai na ji kunya ta kama ni. Na ga gara in rubuta shi a nan, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Lokacin ina jami'a, an zaɓe mu a tsarin musayar ɗalibai, muka yi shekara guda a Amman, babban birnin ƙasar Urdun, wato Jodan. Hutun mako a can Juma'a ne da Asabar. Wata rana muka haɗu mu goma sha huɗu, akwai mu 'yan Afirka ta Yamma, akwai 'yan Indonesiya da Malesiya, akwai mutum biyu daga Turkiyya, muka yanke shawarar mu je Mu'uta mu ga inda aka yi yaƙin nan da muke karantawa a sira, mu biya ta Karak, washegari mu gangara Bahrul Mayyit mu dawo. Muka yi hayar ƙaramar bas da direbanta, wani dattijo mutumin yankin Karak. Da aka zo zaɓen shugaban tafiya sai aka ce ni, wai don na ɗan fi su sakin baki a Larabci. Na karɓa ina jin daɗi a raina, ban san jarrabawa aka miƙo mini ba.

ME YA SA AKE NAƊA AMIR?

Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni idan mutum uku suka fita tafiya, su shugabantar da ɗayansu. Mutum uku fa, ba runduna ba. Dalilin a fili yake. A gida kowa yana da ɗakinsa da tukunyarsa da lokacin barcinsa. A hanya kuwa mota ɗaya ce, lokaci ɗaya ne, wannan yana son a tsaya, wancan yana son a wuce. In babu wanda maganarsa za ta yanke, to ƙaramin abu sai ya zama gaba.

Kuma babu inda wannan darasi ya fi fitowa kamar Mu'uta ɗin da muka nufa. A watan Jumada Ula, shekara ta 8 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 629 Miladiyya, Annabi (SAW) ya tura runduna ta mutum 3,000 zuwa wannan yanki. Bai tsaya a naɗa shugaba ɗaya ba. Ya naɗa Zaidu ɗan Harisa, ya ce in an kashe shi Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karɓa, in shi ma an kashe shi Abdullahi ɗan Rawaha ya karɓa. Haka kuwa aka yi, su ukun suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya, sannan Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta, wanda a lokacin watanni kaɗan ne da musuluntarsa, ya janye rundunar cikin hikima daga gaban Rumawa masu ninkinsu yawa. Shi da kansa ya ce takubba tara ne suka kakkarye a hannunsa a wannan rana, kamar yadda ya zo a Bukhari.

Kun ga tsari ke nan: shugaba, da mataimaki, da mataimakin mataimaki. Mu kuwa yau sai ka ga ɗalibai ashirin sun ɗau hanya, babu wanda ya riƙe sunayen mutane, babu wanda ya san lambar wayar masauki, babu wanda zai ƙirga kawuna kafin mota ta tashi. Sai an yi nisa a ce ina wane?

Amma ni a lokacin abin da na fahimta da amirci shi ne ƙirga kawuna da kiran lokaci. Na zaci shi ke nan.

ABIN DA YA FARU

Mun bar Amman bayan sallar Asuba ranar Juma'a, da niyyar mu sami sallar Juma'a a can. Tsakanin Amman da Karak akwai kimanin kilomita 130. Da hantsi muka isa ƙofar ganuwar Karak, wadda mayaƙan Salibiyya suka fara ginawa wajen shekarar 1142, ta kuma faɗa hannun rundunar Salahuddin Al-Ayyubi a 1188, shekara guda bayan yaƙin Hiɗɗin. Ana biyan kuɗin shiga. Kowa ya zaro nasa ya biya, sai mutum ɗaya, wani ɗan uwanmu Bahaushe, mai yawan shiru da yawan tilawa. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Ya ce mu shiga kawai, shi kansa ke ɗan ciwo, zai jira mu a mota. Na ce Allah ya sawwaƙe, na wuce.

Daga nan muka nufi garin Mazar, kusa da Mu'uta, inda ƙaburburan shugabannin nan uku suke. Muka yi Juma'a, muka yi ziyara irin wadda aka koyar: sallama ga mamata, addu'a gare su, da tuna lahira. Ba shafa bango, ba roƙon wanda ke kwance a ƙasa, domin roƙo na Allah ne shi kaɗai. Na tsaya gaban 'yan uwa na yi ɗan jawabi a kan Ja'afaru (RA), yadda ya jagoranci masu hijira zuwa Habasha, ya dawo Madina a shekarar Khaibara, bai cika shekara biyu da dawowa ba ya yi shahada. Na kawo maganar Abdullahi ɗan Umar da ya ƙirga raunukan jikinsa bai sami ko ɗaya a bayansa ba. Na faɗi yadda Annabi (SAW) ya ba mutanen Madina labarin rasuwarsu kafin ɗan aike ya iso, idanunsa na zubar da hawaye, sannan ya yi umarni a dafa wa iyalan Ja'afaru abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Wasu har da kuka. Ni kuma ina jin na yi ƙoƙari.

Sai muka shiga gidan abinci. Yankin Karak ya shahara da mansaf, shinkafa da naman rago da miyar busasshen nono da suke kira jamid. Tsarinmu shi ne kowa ya biya abin da ya ci. Aka zo kan ɗan uwan nan, ya ce shi azumi yake.

A nan ne shaiɗan ya samu ƙofa ta wajen ilimi. Na juyo a gaban kowa na ce masa: "Malam, azumi ranar Juma'a? Ka yi na jiya ne, ko za ka yi na gobe?" Ya ce a'a. Na ce ai hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim da ya hana keɓe Juma'a da azumi sai in an haɗa da yini kafinta ko bayanta. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, ai Imam Malik a Muwaɗɗa bai ga laifin hakan ba. Gaskiya ya faɗa, haka Malik ya tafi. Ni kuwa na ce hadisi ya fi ƙarfin maganar kowa, na ƙara da cewa ga shi kuma matafiyi ne, ga ciwon kai. 'Yan Indonesiya suka shigo da maganar Shafi'iyya, aka yi ta kai da komo wajen minti goma. Shi dai murmushi kawai yake. Daga ƙarshe ya tashi ya koma masallaci, mu kuma muka ci mansaf muka ƙoshi.

Da yamma muka kama hanyar gangarawa Bahrul Mayyit. Hanya ce mai lanƙwasa da gangare, tana ratsa duwatsu. Rana na gab da faɗuwa sai sabuwar muhawara ta ɓarke. 'Yan Shafi'iyya suka ce mu wuce kawai, in mun isa masauki mu haɗa Magariba da Isha'i. 'Yan Turkiyya, da yake Hanafawa ne, suka ce su a wurinsu ba a haɗa salloli sai a Arfa da Muzdalifa, dole a tsaya. Murya ta fara tashi. Ni amir ina ta jero hujjoji, ina so a ga na iya.

Ba wanda ya ce wa direba komai. Sai kawai muka ji ya rage gudu, ya gangara gefen hanya, ya kashe mota. Ya juyo ya ce: "'Ya'yana, ku ci gaba da bahasinku. Ni dai akwai mai azumi a motata, kuma rana ta faɗi." Ya jawo wata leda daga ƙarƙashin kujerarsa. Dabino ne, da gurasa, da mansaf ɗin nan da ya sa aka ƙunshe masa tun a gidan abinci da kuɗin aljihunsa. Ya kira ɗan uwan nan ya ce shi baƙonsa ne, kuma a al'adarsu ba a mayar wa mai gida da abinci.

Wallahi motar ta yi tsit. Mu goma sha uku, ɗaliban shari'a, babu wanda ya tuna akwai mai buɗa baki.

Bayan mun yi Magariba a gefen hanya, dattijon ya ja ni gefe. Ya ce: "Ɗana, kai ne shugabansu ko? Da safe bai shiga ganuwa ba, wurin da ake biyan kuɗi. Da rana bai ci abinci ba, wurin da ake biyan kuɗi. Masallaci da maƙabarta kuwa shi ya riga ku shiga. Ban yi karatu kamarku ba, amma shekaruna da yawa ina ɗaukar mutane a mota."

Na rasa ta cewa. Daga baya na tabbatar. Kuɗin tallafinsa ya yi jinkiri, ɗan abin da ya rage masa ya tura wa mahaifiyarsa, sauran ya biya kuɗin mota da masauki saboda yana son ganin Mu'uta, kuma yana kunyar a ce shi kaɗai ya kasa. Da ya san ba shi da na abinci, sai ya ɗaura niyyar azumi tun da dare, don kada ya yi ƙarya, kada kuma ya roƙi kowa. Shi wannan ne na tsayar a gaban jama'a ina karanta masa hadisi.

INA KUSKUREN YAKE?

Hadisin da na kawo ingantacce ne, har yau ban janye shi ba. Kuskurena shi ne na ga mas'ala ban ga mutum ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa littafi na tambaya.

Allah Maɗaukaki ya siffanta wasu mabuƙata a Suratul Baƙara, aya ta 273, da cewa wanda bai san halinsu ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa nacin roƙo, da alamarsu ake gane su. To wa zai gane alamar in ba wanda ya sa ido ba? Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri cewa suna cikin tafiya tare da Annabi (SAW), sai wani mutum ya zo a kan raƙumarsa yana waige-waige dama da hagu. Bai roƙi komai ba. Annabi (SAW) bai kira shi ya tambaye shi a gaban mutane ba. Sai ya yi magana ga kowa da kowa, cewa mai rarar abin hawa ya ba wanda ba shi da shi, mai rarar guzuri ya ba wanda ba shi da shi. Ya gane buƙatar, ya biya ta, ya kuma rufa wa mutumin asiri. Wannan shi ne aikin amir.

A daren nan na tara 'yan uwa na ce tsari ya canza. Na kawo labarin Ash'arawa, mutanen Abu Musa (RA), waɗanda in guzurinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ke gare su a mayafi ɗaya su raba daidai, har Annabi (SAW) ya yabe su ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Bukhari ya kawo wannan a babin da ya yi magana a kan tarayya a abinci da karo-karon matafiya. Muka samo jaka, kowa ya zura hannunsa a dunƙule ya saki abin da zai iya, babu mai ganin na wani. Muka ba mutum ɗaya ya riƙe. Daga nan har muka koma Amman babu wanda aka sake tambaya me ka ci, nawa ne naka. Kuɗin ya isa, har da ragowa. Ni kuma na sami ɗan uwan nan shi kaɗai na nemi gafararsa. Ya yi dariya ya ce ai muhawarar ta taya shi manta yunwa.

HUKUNCE-HUKUNCEN HANYA A TAƘAICE

Tunda tambayar ƙaninmu ta shafi sallah, ga abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya hau mota.

Na ɗaya, kasaru. Sallolin da ake ragewa su ne masu raka'a huɗu: Azahar, La'asar da Isha'i, su koma biyu. Asuba da Magariba suna nan yadda suke. Nisan da Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka ƙayyade shi ne baridi huɗu, wato mil 48, wanda malaman zamani ke ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai. Ana fara kasaru ne bayan an fita daga gine-ginen gari, ba daga ɗakin kwana ba. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya je zai cika sallah a wurin Malikiyya da Shafi'iyya, Hanafiyya kuwa suka ce kwana 15. Tafiyar ƙarshen mako ba ta kai ko ɗaya ba. In kuma ka bi limami mazaunin gari, to ka cika tare da shi.

Na biyu, jam'i. Mafi yawan malamai sun halatta wa matafiyi haɗa Azahar da La'asar, da haɗa Magariba da Isha'i. Hanafiyya ba su halatta ba sai a aikin Hajji. In kun haɗu da masu wannan ra'ayi kada ku mayar da abin faɗa. Akwai mafita da kowa ya yarda da ita: a jinkirta ta farko zuwa ƙarshen lokacinta, a yi ta biyu a farkon nata lokacin. Ko kuma a tsaya kawai, minti goma ne. Ku tuna Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) bai ga dacewar cika sallah a Mina ba, amma da Usmanu (RA) ya cika sai ya bi shi, ya ce saɓani sharri ne.

Na uku, Juma'a. Ba ta wajaba a kan matafiyi, amma in lokacinta ya shiga kana cikin garinku, bai halatta ka kama hanya ka bar ta ba, sai in za ka same ta a gaba ko akwai larura. Mafi kyau ku tsara tafiyar yadda za ku same ta a wani gari, kamar yadda muka yi.

Na huɗu, inda za a je da waɗanda za a je da su. Wannan shi ne asalin hukuncin tafiyar. In shirin ya ƙunshi wurin shan giya, ko gidan rawa, ko masaukin da za a cakuɗa maza da mata, to amsar a fili take, kuma "ai ni ba zan sha ba" ba hujja ba ce. Ka tambayi jadawalin tun kafin ka biya kuɗi. Abokan karatu waɗanda ba musulmi ba babu laifi a yi tafiya da su, a yi musu kyakkyawar mu'amala. Ka dai gaya musu tun farko cewa kana da lokutan sallah da abin da ba ka ci. Mafi yawansu in ka faɗa da mutunci za su girmama ka. Wanda ya ɓoye addininsa a ranar farko shi ke shan wahala a rana ta biyu. 'Yan uwa mata kuma akwai maganar muharrami, wadda hadisai suka zo da ita ƙarara, ga kuma sanin iyaye da yardarsu. Kada yarinya ta kwana a wani gari iyayenta na zaton tana ɗakinta.

Na biyar, kuɗi. Abin da aka turo maka don karatu amana ce. Akwai uban da ya sayar da gona, akwai uwar da ta shiga adashi. Kada ka ci bashi don hoto. In ba ka da hali ka ce ba ka da hali, talauci ba abin kunya ba ne. Ku kuma masu shiryawa ku sa farashin daidai da aljihun mafi rauni a cikinku, ba mafi ƙarfi ba.

RANAR ASABAR

Washegari muka tsaya a gaɓar Bahrul Mayyit, wuri mafi gangare a doron ƙasa, fiye da mita 400 ƙasa da matakin teku, ruwan da gishirinsa ya hana kifi rayuwa a ciki. Malaman tafsiri da tarihi da yawa sun ambaci cewa garuruwan mutanen Annabi Luɗu (AS) a wannan yanki suke, kuma Suratus Saffat ta tunatar da Ƙuraishawa cewa suna wucewa ta kansu safe da dare a fataucinsu. A hanyar Tabuka, da Annabi (SAW) ya biyo ta Hijr, garin Samudawa, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya ƙara sauri. Malaman zamani sun yi saɓani a kan ko hukuncin ya hau kan gaɓar tekun gaba ɗaya. Mu dai muka zaɓi wurin da babu masu wanka tsirara, muka tsaya kaɗan, muka yi tunani, muka wuce. A wannan karon ban yi jawabi ba. Ɗan uwan nan na roƙa ya karanta mana ayoyin, ya karanta da muryar da har yau nake jin ta.

An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Umar ɗan Haɗɗabi (RA), sai Umar ya tambaye shi ko ya taɓa tafiya da shi, ko ya taɓa hulɗar kuɗi da shi, ko maƙwabcinsa ne. Da ya ce a'a, sai ya ce to ba ka san shi ba. Malaman lugga ma sun ce an kira tafiya safar ne don tana yaye lulluɓin halayen mutane. Ni kam ta yaye nawa. Na je Mu'uta da hadisin dafa wa iyalan Ja'afaru abinci a bakina, na faɗe shi har mutane suka yi kuka, bayan sa'a guda na ci na ƙoshi ɗan uwana na zaune da yunwa. Wanda ya yi aiki da hadisin shi ne direban da bai taɓa zama a aji ba.

Don haka ƙanina, da duk mai shirin irin wannan tafiya: in wurin halal ne, abokan na kirki ne, kuɗin ba na bashi ba ne, to ka je, tafiya mabuɗin ilimi ce. Ku naɗa amir da mataimaki. Ku haɗa kuɗin abinci wuri ɗaya tun kafin ku tashi. Ku yanke maganar sallah tun a gida. Sannan ka riƙa duba wanda ya fi kowa shiru a motar.

Allah ya jiƙan shahidan Mu'uta, ya saka wa dattijon nan da alheri in yana raye, ya yi masa rahama in ya riga mu. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu a ƙasashen mutane, ya dawo mana da su da ilimi da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga ni ne da shaiɗan.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.